Hayaƙin Motar Ƙungiya: Jawabin Kwamitin Mota Gaban Babban Taro

Iyayenmu dattawa, malamanmu, shugaban ƙungiya, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kunka taho daga Kano, Legas, Abijan, Yamai da Agadas, muna yi maku barka da zuwa, da fatan kun iske gida lafiya. Mu uku ne kunka ɗora wa aikin binciken motar ƙungiya a taron da ya wuce. Yau mun zo mu faɗa maku abin da munka gani da idonmu. Maganar tana da ɗan tsawo, kuma akwai sunayen ƙarafa a ciki, don haka muna roƙon dattawa su yi haƙuri da mu. Kuɗinku ne za a kashe, ya kamata ku san inda za su shiga.

Kowa ya san mafarin zancen. Tun bayan damina motar ta kama shan baƙin mai, alhali ba a ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa inda take kwana. Ma'aji ya lura ana yawan zuwa wurinshi karɓar kuɗin mai. Daga nan sai magana ta fara yawo cikin gari cewa direba ne ke sayar da man. Maganar ta ƙetare iyaka, har wasu daga cikinku sunka aiko cewa ba za su ƙara zuba kuɗin wata ba sai an canza direba. A gefe guda kuma, an kai motar wani garaji a birni, mai garajin ya tada ta, ya dubi hayaƙi, ya ce inji ya gaji, sai an sauke shi an buɗe gaba ɗaya, ya yanka jika 250. Asusunmu bai kai haka ba. Wasu sunka ce a sayar da ita tun tana motsi. Ga mutuncin mutum, ga kuɗin jama'a, ga kuma motar da ita kaɗai ke gare mu idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare. Shi ya sa ba mu yi gaggawa ba.

Motarmu Peugeot 504 ce, bashe, mai shan isansi. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, shi ya sa kayan gyaranta da masu sanin cikinta sunka yi yawa a ƙasar Hausa. Injinta piston huɗu gare shi, da supap takwas, kuma a kishingiɗe shike cikin mota, ba a tsaye ba. Mun nemi wani tsohon makaniki ɗan garin nan, wanda ya yi shekaru shina wannan aiki a Maradi kafin idonshi shi rage, munka ce shi zama jagoranmu. Abin da ya fara gaya mana shi ne, kada mu yarda da wanda ya dubi hayaƙi sau ɗaya ya yanke hukunci. Ya ce a duba launinshi, sannan a duba lokacin da shike fitowa, kuma lokacin ya fi launin muhimmanci.

Launin dai iri uku ne. Baƙin hayaƙi isansi ne da ya yi yawa bai ƙone duka ba. Galibi matatar iska ce ta toshe da ƙura, wanda a hanyoyinmu ba abin mamaki ba ne, ko karbirata ta ɓaci, ko cok ya maƙale. Wannan ba ciwon cikin inji ba ne. Farin hayaƙi kuwa ruwa ne. Idan da sanyin safiyar hunturu ne, shina fitowa siriri shi ɓace nan take, to tururi ne kawai, kamar wanda ke fita bakin mutum. Amma idan fari ne mai kauri, bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ruwan radiyata kuma shina raguwa, to juwan kilas ya ƙone, ko kilas ɗin kanta ta tsage. A nan sai ka ga baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa a ƙarƙashin murfi. Mun duba, ruwanmu bai raguwa, manmu kuma bai gauraya ba. Na uku shi ne shuɗi mai toka-toka, mai warin ƙonannen mai da ke kama maƙogwaro. Shi ne namu. Ma'anarshi baƙin mai shina shiga inda isansi kaɗai ya kamata shi ƙone.

To ta ina shike shiga? Nan ne maganar take, domin ƙofa biyu ce, ɗaya mai tsada, ɗaya mai araha.

Ta farko daga ƙasa take. Kowane piston shina da zobba a jikinshi, waɗanda makanikai ke kira sigiman, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma su ce ringi. Su ke tare wuta kada ta zube ƙasa, su kuma share mai kada shi hau sama. Idan sunka cinye, sai an buɗe inji har ciki. Wannan shi ne aikin jika 250.

Ta biyu daga sama take. A cikin kilas, wato kan inji, akwai supap, waɗanda wasu ke kira bawul. Siffar kowace kamar ƙusa mai faɗin kai. Huɗu suna buɗewa isansi da iska su shiga, huɗu suna buɗewa hayaƙi shi fita. Sandar supap tana hawa da sauka cikin wani ɗan siririn bututu, saman bututun kuwa wanka shike yi cikin mai muddin inji na aiki. Don kada man shi bi sandar shi gangara, sai anka sa ƴar roba, ba ta fi kan ɗan yatsa ba, tana rungume da sandar, tana barin ɗan abin da zai jiƙa ta kawai. Dattawa, kun san wasakin rijiya idan ya daɗe a rana ba a shafe shi ba, yadda shike bushewa shi yi tauri shi tsattsage. Haka robar nan ke yi da zafi da shekaru. Idan ta bushe ba ta ƙara kama sandar, sai mai shi samu hanya.

Kowace ƙofa da lokacinta na hayaƙi. Sai munka shiga gwaji, kwana bayan kwana.

Gwajin farko na asuba ne. Mun hana direba taɓa motar sai mun zo. Kwana biyar a jere muna tsayawa bayanta shi tada ta. Kullum sai ta tofo shuɗin hayaƙi mai yawa, kamar an watsa ruwa a garwashi, amma kafin minti ɗaya ya wuce sai shi tsaya, salansa ta koma fes. Dalili shi ne, idan an kashe inji da dare, man da ya rage cikin kilas shina bin sandunan supap a hankali shina ɗiga, ɗigo-ɗigo har gari shi waye. Da an tada sai abin da ya taru shi ƙone lokaci guda. Mai ba shi hawa sama da kanshi cikin dare, don haka zobba ba su iya yin wannan.

Gwaji na biyu, mun bar ta ta yi zafi, munka bar ta a ralanti kamar minti goma, irin tsayuwar da take yi a tasha ana lodi. Sannan direba ya taka totur. Sai ga gajimaren hayaƙi sau ɗaya, daga nan ya wanye. Na uku a kan kwalta munka yi shi, ɗayanmu shina biye a kan babur. Direba ya kai ta wajen kilomita 60 a giya ta uku, ya ɗauke ƙafa daga totur ya bar inji shina riƙe ta har ta rage gudu sosai, sannan ya sake takawa. Daidai lokacin da ya taka, hayaƙi ya fito, shuɗi, sannan ya ɓace. Mun maimaita sau huɗu, amsa ɗaya. Ga yadda abin shike: idan an ɗauke ƙafa, ƙofar karbirata a rufe take, amma piston ba su daina zuƙa ba. Kamar yaro ne mai zuƙar ruwa da kara, ka toshe mashi bakin karan, sai shi zuƙo ta duk inda karan ya tsage. Tsagar da inji ya samu ita ce gefen sandar supap ɗin shiga, abin da ke wurin kuwa mai ne.

Na huɗu shi ne wanda zai tona asirin zobba in da su ne. Ranar kasuwa munka yi mata lodin buhunan gero da mutane, ta shiga rairayin nan na bayan gari inda sai da giya ta biyu ake fita. Injin da zobbanshi sunka cinye, nan ne shike zubo hayaƙi ba yankewa, gwargwadon nauyi gwargwadon hayaƙi, ƙarfi kuma shi ragu. Tamu ta fita ba hayaƙin kirki, ba ta kuma kasa ba.

Ba mu tsaya nan ba. Mun cire murfin wurin zuba mai inji na aiki, munka sa tafin hannu. Inda zobba sun mutu, da iska mai hayaƙi ta riƙa bugun hannu kamar zugazugin maƙeri. Ɗan huci kaɗan munka ji. Mun kwance buji huɗun, biyu sun tara wani ɓawon toka mai tauri, wanda ƙonannen mai ke bari, biyu kuma da dama-dama. Sannan munka aro agogon awon matsi daga birni. Ana kwance buji duka, a ɗaura agogon a ramin ɗaya, a danne totur har ƙasa, a murza makulli. Dukansu huɗu sun nuna tsakanin kilo 9 da rabi zuwa 10. Abin da ake nema shi ne kada ɗaya ta yi nisa da ƴan'uwanta. Da wata ta faɗi ƙasa, sai a zuba mata cokali guda na mai a sake awo. Idan ta tashi, zobba ne, domin man ya toshe tazarar na ɗan lokaci. Idan ba ta tashi ba, bakin supap ne bai rufewa daidai, ko juwan kilas. Robar supap ita ba ruwanta da matsi, don haka injin da matsinshi ke lafiya amma shina ƙona mai da safe, wajenta ake fara dubawa. Mun kuma tabbata ba a cika mai ya wuce alamar sama ba, kuma tiyon da inji ke numfashi ta cikinshi bai toshe ba, domin waɗannan biyun suna sa lafiyayyen inji hayaƙi, kuma gyaransu ba shi cin ko dala.

Yanzu maganar direba. Mun sayi littafi, munka cika mai daidai alama, munka rubuta lambar kilomita, jarkar mai kuma ta koma ɗakin ɗayanmu. Sati shida ba wanda ya zuba mai sai a gabanmu, motar a fili madaidaici, inji a kashe ya huce. Lissafi ya nuna tana shan lita ɗaya a kowane kilomita 800 ko kusa. Munka ɗauko takardun ma'aji na watannin baya munka gwada da tafiyar da anka yi, sai lissafin ya zo ɗaya. Man da anka ce an sayar, ta salansa ya fita, a gaban idon kowa. Yaron nan bai ci ko tamma ba. Mu kanmu a cikin kwamiti akwai wanda ya yi wannan zato, ya kuma je har gida ya nemi gafara. Muna ganin ya dace a rubuta wankewar nan cikin takardar ƙungiya, ta isa duk inda zargin ya isa, tun da mahaifinshi ya daina zama majalisa saboda wannan magana.

In za a nemi mai laifi, sai mu duba kanmu. A bazarar bara, cikin zafin watan Afrilu, motar ta tafasa sau biyu a hanya saboda radiyata ta toshe da gishirin ruwan rijiya. Direba ya kawo ƙara, munka ce shi lallaɓa sai bayan girbi. Juyen mai kuma sau nawa munka ɗaga shi don asusu ba kuɗi? Zafi da tsohon mai su ne ke dafa roba. Ko ba haka ba ma, robar da ta yi shekaru masu yawa cikin inji ta ci lokacinta.

Gyaran da muke shawara ba sai an sauke inji ba, ba sai an ɗaga kilas ba ma. Ana cire batir, a buɗe murfin sama, a kwance ƙarafan da ke danna supap. Matsalar ita ce, da zarar an cire sifirin ɗin da ke riƙe da supap, tana iya faɗawa cikin inji. Masu injin iska suna hura iska ta ramin buji ta riƙe ta. Mu da ba mu da shi, igiya za mu yi amfani da ita: sabuwa, mai laushi, marar yashi. Ana sauke piston kaɗan, a cusa igiyar ta ramin buji a bar bakinta waje, a juya inji da hannu a hankali har piston shi danne igiyar a ƙarƙashin supap. Sai a matse sifirin, a zare wasu ƴan ƙarafa biyu masu kamar jinjirin wata, a cire tsohuwar roba a sa sabuwa. Ƙananan ƙarafan nan sai an toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma, don in ɗaya ya faɗa ciki, aikin yini ya zama na sati. Sabuwar robar kuma a jiƙa ta da mai, a rufe tsagar kan sandar kada ta yanke ta wajen shiga. In an gama sai a sake daidaita tazarar supap. Bayan gyara kada kowa shi tada hankali in ya ga hayaƙi kwana ɗaya ko biyu, man da ya kwanta cikin salansa ne ke ƙonewa.

Akwai dalilin da ya sa muke gudun ɗaga kilas in ba dole ba. Piston ɗin wannan inji suna tafiya cikin wasu kwasfa da ake kira shamis, waɗanda ba a haɗe suke da jikin inji ba, ruwa na zagaye da su, kilas ce ke danne su. Wanda ya ɗaga kilas kai tsaye, ko ya juya inji ba tare da ya danne shamis ɗin ba, sai su motsa daga mazauninsu, ruwa shi fara zuba cikin mai. Injuna da yawa sun shiga garaji da ƙaramin ciwo sun fito da babba ta wannan hanya.

Ba za mu yi maku alkawarin da ya wuce abin da munka gani ba. Abu biyu na iya ɓoye. Na ɗaya, bututun da sandar supap ke bi shi ma shina cinyewa. Idan an cire sifirin za a kaɗa sandar hagu da dama. In tana rawa sosai, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, sai an ɗaga kilas an kai ta birni an canza bututun. Na biyu, cikin zobban piston akwai na ƙasa wanda aikinshi share mai ne kawai, shi kuma shina iya maƙalewa alhali agogon matsi na nuna lafiya. Alamun da munka tara sun karkata ga roba, amma littafin nan ne zai yanke hukunci. Za mu ci gaba da rubutu bayan gyara. In shan mai ya faɗi, an gama. In bai faɗi ba, mun yi asarar kuɗi kaɗan, kuma mun san inda za mu nufa.

Wasu sun ce a zuba mai mai kauri, ko maganin gwangwani da ake sayarwa a tasha. Suna rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma ba su ɗinke robar da ta tsage, mai mai kauri da yawa kuma shina jinkirin isa saman inji da safe. Wasu sun ce a bar ta haka, a riƙa ƙara mai, tun da tana tafiya. Gaskiya ne tana iya yin shekara a haka. Amma buji za su riƙa mutuwa, toka na taruwa a kan supap, ga haɗarin ranar da za a manta ba a duba ba inji shi kama. Sannan ku tuna da waɗanda ke zama baya ƙarƙashin tampol. Iska tana maido da hayaƙin salansa cikin rumfar, iyayenmu mata sun sha kukan ciwon kai in sun sauka. Hayaƙin mota, ko wanda ido bai gani, shina da guba marar wari da ke kashe mutum a rufaffen wuri, kuma marasa lafiya muke kwantarwa nan. Mun iske bakin salansar ya karye ya gajarce, mun sa shi cikin lissafin gyara.

Ku ƴan ci-rani masu niyyar sayen tsohuwar mota ku kawo gida, ga abin da munka koya kyauta. Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku je da sassafe ba tare da kun faɗi lokaci ba, ku ɗora hannu kan inji. In kun ji shi da ɗumi, an riga an tada shi, hayaƙin safe ya wuce ba ku gani ba, sai ku dawo gobe. Ku tsaya baya wani shi tada. Ku zaro sandar awon mai ku murza shi tsakanin yatsu, in ya yi danƙo kamar zuma ku tambayi dalili. Sannan ku sa wani shi bi ku a baya a kan hanya.

Abin da muke roƙon taro shi amince da shi ke nan. A fitar da jika 45 don robobin supap, da juwan murfin sama, da buji huɗu, da juyen mai da matatarshi, da walda salansa, da wankin radiyata, da ladan mai aiki. A ajiye wasu jika 60 a hannun ma'aji, kada a taɓa su sai in an iske bututun supap sun cinye. Za a sayo kayan a Maradi, mutum biyu za su tafi, su tafi da tsohuwar roba ɗaya a hannu don gwadawa, su dawo da rasit. Aikin zai ɗauki kwana biyu, za mu fara washegarin kasuwa, a ƙofar gidan shugaba inda kowa ke iya zuwa shi gani. Mun yi magana da mai motar garin maƙwabta, ya yarda shi tsaya mana in larura ta taso cikin kwanakin nan, ƙungiya ta biya isansi. Littafin awon mai da bujin nan biyu masu toka ga su nan kan tabarma gaban shugaba, wanda ke so shi duba kafin a ɗaga hannu.